Yadda ake bin maganar gado a kotu

Abu na farko fa takardar shaidar mutuwa, ka yi fotokofi da yawa don ko'ina ka je sai sun nema. Haɗa ta da wasiyya in mamacin ya bari, ka kai wa rajistaran kotun yankin da ya zauna, a cike fom. In babu wasiyya kotu ce za ta naɗa mai kula da dukiyar, kuma don Allah kafin takardar izinin kula da dukiyar ta fito daga kotu kar ka taɓa komai, banki ma ba za su saurare ka ba. Ta fito? To a lissafa abin da ya bari, a biya bashi tukuna sannan rabo. Rasit kuwa komai ƙanƙantarsa jefa shi a fayil, za a tambaya.