Yadda Mai Shayi da Gahawa a Makka ko Jidda Zai Tsara Gajeren Talla Irin na Japan

Yawancin tallace-tallacen talabijin a Japan daƙiƙa 15 ne ko 30, kuma kamfanonin kofi da shayi na daga cikin waɗanda suka fi iya cin moriyar wannan ɗan lokaci. Dalilin a fili yake. Tun da kamfanin UCC ya fito da kofi mai madara a gwangwani a 1969, Coca-Cola ta biyo da Georgia a 1975, Suntory kuma da BOSS a 1992, kayan suka zama a jere cikin injinan sayar da abin sha na bakin titi, ɗanɗanonsu kusa, farashinsu kusa, don haka abin da ya rage a yi takara da shi shi ne wanda mai saye zai tuna da sunansa. Halin da mai shayi yake ciki ke nan a Shari'a Mansur ko Misfala, inda maƙwabcinsa yake dafa irin ganyen da yake dafawa. Ba ya buƙatar gidan talabijin. Wayar hannu da Snapchat ko TikTok sun ishe shi, in ya bi aikin daki-daki.

Kafin ka ɗaga waya, ka yanke shawarar lokacin da kake sayarwa. Japanawa ba kasafai suke ɓata daƙiƙoƙinsu wajen lissafa abin da aka zuba a gwangwani ba, sai su nuna ɗan hutun da mutum yake samu idan ya buɗe shi. Kirin ta sa wa shayinta na 1986 suna Gogo no Kocha, wato shayin la'asar, ta ɗaure shi da wannan lokaci, Asahi kuma ta keɓe Wonda Morning Shot ga safiya. Naka lokacin yana iya zama bayan sallar Asuba, ko sa'ar da direbobi suke sauke gajiya bayan Isha, ko tsakanin tarawihi da sahur. Ka zaɓi ɗaya, ka bar sauran.

Daga nan sai ka nemi mutum ɗaya da zai riƙe tallan, kuma a nan ne ya kamata ka fi daɗewa kana tunani. Tun 2006 Suntory take amfani da ɗan wasan Amurka Tommy Lee Jones a tallan kofin BOSS a matsayin baƙo daga wata duniya da aka turo ya binciki rayuwar mutane. A kowane talla yana wata sana'a dabam, yana kallon yadda Japanawa suke wahalar da kansu da aiki, fuskarsa a murtuke, ba ya dariya ko kaɗan, sai a ƙarshe ya sha kofinsa ya yarda cewa duniyar, duk da shirmenta, tana da daɗinta. Abin dariyar yana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin murtukewar fuskarsa da ƙanƙantar abin da yake nazari a kai. Wannan dabara ta dace da mu ƙwarai, domin babu Bahaushen da ya zauna a Saudiyya bai ga sabon zuwa yana fama da finjalin gahawa ba: ana zuba masa ɗan kaɗan yana ganin rowa ce, yana shanyewa ana ƙara masa, bai san cewa girgiza finjalin ne yake nufin ya ƙoshi ba. Dattijo mai kamun kai wanda yake bayar da rahoton irin waɗannan abubuwa da cikakkiyar natsuwa zai ba ka talla goma ba tare da ka sake tsari ba. Sharaɗin kawai shi ne kada ya yi dariya da kansa, kada kuma a sa masa sautin dariya a baya.

Idan mutum biyu kake so, ka ɗauki tsarin barkwancin da suke kira manzai, inda ɗaya yake kwaɓa magana ɗayan yana gyara masa nan take. Mai shago da yaronsa sun isa. Amma ka kiyaye wanda dariyar take faɗa wa. Wasan Kanawa da Zazzagawa ko na Fulani da Barebari yana da daɗi a zaure, inda kowa ya san taubasantaka ce. A bidiyon da Bayamane da Basudane da ɗan ƙasa za su gani, ana iya ɗaukarsa cin fuska. Dariyar ta tsaya a kan mai shago ko a kan yanayin da aka shiga, mai saye kuma ya fita da mutuncinsa.

Sai batun sauti. Tallan Nescafé Gold Blend ya shahara a Japan tun shekarun 1970 da muryar mace tana rera sauti marar kalmomi, har ya zamana jin sa kaɗai yana tuna wa mutane kofin. Shayin Iyemon, wanda Suntory ta fitar a 2004 tare da tsohon gidan shayi na Fukujuen da ke Kyoto, ya daɗe yana tafiya da kiɗa guda mai sanyi na Joe Hisaishi, ana sake masa salo amma ba a sauya shi. Kirin ta kai ga ɗauko Stevie Wonder ya rera wa kofin Fire waƙa a 1999, sai dai wannan hanya ce ta masu kuɗi, kuma a ganina ba ita ce ta fi koyar da darasi ba. Abin da za ka ɗauka shi ne gajeren amshi na daƙiƙa uku zuwa biyar, mai ɗauke da sunan shagonka, wanda yaro zai iya maimaitawa bayan ji biyu. Da yake da yawa daga masu sayenka a Makka da Madina ba sa son kayan kiɗa, ka gina shi da murya zalla da sautin sana'ar kanta: dakan gahawa a turmin ƙarfe yana da tsarin bugu nasa, haka ƙarar cokali a kofin gilashi da zubar shayi daga sama. Kada ka ɗora waƙar wani mawaƙi ba da izininsa ba, domin manhajojin suna iya kashe sautin bidiyon.

Wajen rabon lokaci, ka ba da kamar daƙiƙa goma ga labarin, biyu ga kofin yana tururi a kusa da kyamara, uku ga amshi da sunan unguwa. Ka ɗauki hoton da wayar a tsaye, ka rubuta maganar da Larabci a ƙasa idan Hausa ake yi, ka kuma kalle shi sau ɗaya ba sauti, tunda mutane da yawa haka suke kallo. In bai ba da dariya a haka ba, labarin ne bai nuna ba.

Ka kuma ba masu saye hanyar shiga. Kamfanin Ito En yana gudanar da gasar gajerun waƙoƙin haiku tun 1989, yana buga waɗanda suka yi nasara a jikin gorar shayinsa na Oi Ocha. Kai ma kana iya neman kirarin shayi na layi biyu, wanda ya fi kyau a rubuta shi a jikin kofin takarda na wannan wata, mai shi kuma ya sha kyauta.

Akwai doka da ba a tsallakewa. Tun 2022 Saudiyya ta wajabta lasisin Mawthooq ga ɗaiɗaikun mutanen da suke yin talla a kafafen sada zumunta, kuma sharuɗɗan baƙi sun bambanta da na 'yan ƙasa, saboda haka ka tabbatar da matsayinka da na shagon kafin ka wallafa ko ka biya wani ya tallata maka. Ɗaukar hoton mutane ba da yardarsu ba shi ma yana iya kai mutum gaban hukuma, don haka duk wanda fuskarsa za ta fito a nemi amincewarsa tukuna.

Bayan talla na farko ya fita, kada ka sauya mutumin ko amshin don kawai ka gaji da su, domin kai da ka shirya su za ka riga kowa gajiya. Labarin kaɗai za ka riƙa sakewa: wata guda dattijon yana binciken yadda ake shan shayin Adani, wata mai zuwa yana nazarin dalilin da ya sa ake ajiye dabino kusa da gahawa, lokacin aikin Hajji kuma yana ƙoƙarin gane odar alhazai da yarensu dabam-dabam.