Yadda za ka gaya wa rikuruta cewa intabiyun kodin bai tafi daidai ba

An sa maka intabiyun kodin na minti 45, wato na gwada ka a rubuta umarnin manhajar kwamfuta, injiniyan da zai yi maka tambayoyi bai shigo Zoom ba sai da kwata ta wuce, kyamararsa a kashe, kana jiyo ƙarar kibod ɗinsa yana ta wani aikin daban, ya jefo maka tambayar da ba ta da alaƙa da aikin da aka tallata, kafin ka gama tattara hankalinka ya ce lokaci ya ƙare. Washegari sai ga imel ɗin rikuruta, wato jami'in da ke nemo wa kamfani ma'aikata, yana tambayar ya aka ƙare jiya. Yawancinmu ko dai mu ce lafiya lau mun gode, ko mu zazzage masa duk abin da ke cikinmu, kuma gaskiya duka biyun asarar dama ce.

Ka fara sanin da wa kake magana. Rikuruta ba shi ya yi maka intabiyun ba, ba ya wajen, sau da yawa ma bai iya kodin ba, iyakar abin da zai gani shi ne rahoton da injiniyan ya rubuta a kanka, to in ka yi shiru kaga ɓangare ɗaya kawai aka ji kenan. Kuma shi ma abin ya shafe shi, don in na cikin kamfanin ne aikinsa shi ne ya cike gurbin da mutumin kirki, injiniyan da ke korar mutane da halinsa wahala yake ƙara masa. In kuma na kamfanin dillancin ma'aikata ne, galibi sai an ɗauke ka yake samun kamashonsa, za ka iya sakin jiki da shi kaɗan amma kar ka manta wancan kamfanin ne ke biyansa, duk abin da ka faɗa ka ɗauka zai isa can.

Da an kashe kiran ka buɗe takarda ka rubuta wa kanka komai tun bai gushe maka ba, ƙarfe nawa aka fara, me aka tambaya, me ya ce me ka ce. Amma dan Allah kar ka tura komai a ranar, ranka a ɓace yake kuma zai fito a rubutun ko ka ƙi ko ka so. Ka kwana tukuna. Sai dai kar ka wuce kwana ɗaya ko biyu, saboda masu intabiyun kan zauna su yanke hukunci da wuri, kuma maganar da ta iso kafin hukunci ta fi nauyi nesa ba kusa ba, wadda ta zo bayan an ce ba a ɗauke ka ba za a iya cewa haushi ne kawai.

Inda ya fi wuya shi ne raba naka da nasu. In an ce ka rubuta kweri na SQL, wato umarnin zaƙulo bayanai daga rumbun bayanai, mai haɗa teburin bayanai biyu ka kasa, wannan ba ƙorafi ba ne, karatu ne ya rage maka, kuma tambaya mai wuya ba laifi ba ce. Laifi shi ne a ce maka hirar tsara manhaja za a yi ka kwana kana shiri sai ka tarar kodin ne kai tsaye ana kallonka, ko a ce za ka iya amfani da yaren kodin na Python sannan a dage sai Java, ko mahaɗin HackerRank, shafin da ake gwajin kodin a kai, ya ƙi buɗewa a cinye rabin lokacin ana neman gyara kuma ba a ƙara maka ko minti ɗaya ba, ko a ba ka aikin gida a ce na awa uku ne ya cinye maka ƙarshen mako sannan a yi maka shiru. In kai ma ka yi tuntuɓe a wani wuri ka faɗa a layi ɗaya ka wuce, shi zai sa a yarda da sauran maganarka.

Sannan ka faɗi abin da ya faru, ka bar fassara. "Ya raina ni" ba abin da rikuruta zai iya yi da ita, amma "ya katse ni sau uku ina tsakiyar bayani" magana ce da zai iya ɗauka ya kai wa shugaban sashen. Ga irin saƙon da nake nufi:

"Barka da aiki Malama, na gode da duk ɗawainiyar da kika yi min. Akwai abin da nake so ki sani game da zaman jiya. An fara da jinkirin minti 15 kuma an tashi a kan lokaci, don haka rabin awa na samu. A imel an ce tsara manhaja za a tattauna, amma kodin kai tsaye aka yi. Tambaya ta biyu ban ƙarasa ta ba, wannan nawa ne. Har yanzu ina son aikin, in da hali zan so a sake min wannan zagayen."

Ka lura da layin ƙarshe, dole ka nemi abu guda takamaimai, ko a sake zaman da wani injiniyan, ko ka ce kana so ne kawai su sani don masu zuwa bayanka, ko kuma ka janye cikin mutunci in ka ga wurin bai yi maka ba. Wasu kamfanonin suna sakewa in matsalar daga wajensu take, wasu ba sa yi. Kuma kar ka yi mamaki in ka nemi dalilin ƙin ɗaukarka aka ba ka amsar da ba ta ƙoshi, da yawansu tsoron ƙara a kotu ne ke hana su yin bayani.

Akwai abin da ya wuce rashin tsari, kamar a tsare mace da tambayar ko tana da ciki ko yaushe za ta yi aure, ko a shiga tonon addininka da shekarunka. Wannan ba na waya ba ne, a rubuce za ka kai shi da kalmomin da aka faɗa daidai yadda aka faɗe su, ka ajiye kwafi. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta haramta nuna bambanci wajen ɗaukar aiki saboda irin waɗannan, a Amurka kuma hukumar EEOC mai kula da daidaito wajen ɗaukar aiki ke karɓar irin wannan ƙorafin.

Batun wallafa ƙorafinka a shafukan neman aiki irin su Glassdoor da LinkedIn kuwa ni dai ina ganin ka fara ba rikuruta dama tukuna. In ma za ka rubuta daga baya kar ka kama sunan kowa, kuma in ka sa hannu a yarjejeniyar sirri kar ka fallasa tambayoyin. Manyan kamfanoni da yawa suna barin mutum ya sake nema bayan wata shida zuwa shekara, kuma fayil ɗinka yana nan a manhajarsu ta ɗaukar ma'aikata, wani rikurutan zai iya buɗewa ya karanta. In kuma rikurutan da ka aika wa saƙo ya ce ku yi maganar a waya, ka amince, amma kuna gamawa ka bi shi da ɗan gajeren imel na abin da kuka tattauna da abin da ya ce zai yi.