Yadda ake haɗa tafarnuwa da citta a abincin kifi

Da yawa daga cikin binciken da aka yi kan sanya tsirrai a abincin kifi a kan tirawut aka yi shi, kifin ruwan sanyi da ake kiwo sosai a Turkiyya da Iran. Binciken ya ƙara ƙarfi bayan Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi magungunan kashe ƙwayoyin cuta don saurin girma a 2006, aka shiga neman madadinsu a tsirrai. Tirawut ba ya jure zafin ruwanmu, amma dabarar ta dace da tarwaɗa.

Ma'aunin da aka fi gwadawa shi ne giram 5 zuwa 10 na garin tafarnuwa a kowane kilo na abinci. Citta kuwa giram 5 ta isa. A fara da ƙaramin ma'auni, domin idan wari da yaji suka yi yawa, kifi zai ɗauki ƙwayar abincin ya tofar.

Babban kuskure shi ne zuba garin a cikin ƙullin abincin kafin a sa shi a inji. Injin da ke yin abinci mai yawo a saman ruwa zafinsa ya wuce digiri 100, sinadarin alisin da ke cikin tafarnuwa kuwa zafi na lalata shi. Don haka daga baya ake shafawa. A tankaɗe garin ya yi laushi, a dama shi da mililita 15 zuwa 20 na man kifi ko man waken suya, a yayyafa a kan kilo ɗaya na abinci ana juyawa har kowace ƙwaya ta samu. A baza a inuwa ya sha iska. Kada a dama da ruwa: ƙwayar za ta jiƙe ta nutse, garin ya wanke, ragowar kuma ta yi fumfuna. A haɗa na kwana biyu ko uku kawai, don mai yana saurin lalacewa a zafi.

Ganyen zogale na da furotin, amma yana ɗauke da sinadarai masu hana hanji tsotse abinci. Idan ya wuce kashi 10 cikin ɗari na abincin, girma kan ja baya. Majimfa da ɓawon aduwa kuwa a nisance su, tun da can masunta da su suke bugar da kifi.

Masu sayar da irin wannan haɗi kan cika baki, saboda haka a gwada da kai. A ware tanki biyu masu kifi daidai, ɗaya da haɗin, ɗaya babu. Duk mako biyu a auna kifi 30 daga kowane tanki, a ƙiyasta nauyin da duk kifin tankin ya ƙara, sannan a raba nauyin abincin da aka bayar da wannan ƙarin nauyin; tankin da adadinsa ya fi ƙanƙanta shi ya fi cin moriyar abincin. Kada a yi gwajin da hunturu, lokacin da sanyi ke rage wa tarwaɗa ci, don sakamakon zai ruɗe. In ruwan tankin ya gurɓata ko abincin ba shi da isasshen furotin, tafarnuwa ba za ta gyara komai ba.