Tsohon mashin ya ƙi ba da wuta? Kafin ka sayi komai ga inda zaka fara dubawa

CG125 ɗin baffana ce na jawo daga sito, irin ta farko ɗin nan mai wutar bolt 6 da kwantak (ɗan makunnin da ke buɗewa da rufewa don fulogi ya ba da wuta), wadda Honda suka fara yi a tsakiyar shekarun 1970. Ta fi shekara goma a jingine, ɓeraye sun yi gida ƙarƙashin sit. Injin bai ba ni wahala ba wallahi, wayoyi ne suka kusa sa ni na sayar da ita a kilo. Kuma duk kuɗin da na ɓata a satin farko na kwayil da fulogi da kwandansa asara ne, don a ƙarshe wata koriyar waya ce guda ɗaya da tsatsa ta cinye a jikin firam. Shi yasa abu na farko da zan ce maka, kar ka sayi kaya sai ka gwada na jiki ka tabbatar ya mutu.

Kayan aikin ba su da yawa. Mitar auna wuta ko da ta arha ce, sampefa mai laushi, baƙin tef, ɗan fetur da buroshin haƙori, sai kwan fitila ɗaya da ka ɗaura wa wayoyi biyu, wannan kwan zai maka aikin da ba ka zata ba. Sannan kafin ka cire kowace waya ka ɗau hotonta, musamman cikin kwanon fitilar gaba inda duk suka taru kamar taliya.

Ka san kalar wayoyin mashin ɗinka tukun, don nan mutane ke ƙona kaya. A Honda kore shi ne at, wato negatif mai komawa jikin mashin, ja daga batir yake, baƙi kuma wuta ce mai zuwa bayan ka murɗa ki. A Yamaha baƙi ne at, ruwan ƙasa ne wutar bayan ki. A Suzuki at ɗin baƙi ne mai farin layi. To ka ga wanda ya saba da Yamaha YB100 in ya zo kan Honda ya ɗaure baƙar waya a firam ai fiyus ya tafi, in ma an sa fiyus ɗin kenan ba a naɗa waya a gurbinsa ba kamar yadda muke yi. Wanda Allah ya ba tsohon BSA ko Triumph na Ingila kuma ya kula, da yawansu fositif ne ke zuwa jiki. Amma fa kar ka yarda da kala ɗari bisa ɗari, mashin ɗin da ya shekara arba'in ya bi hannun rewaya ba adadi, kowa da wayar da ya samu yake joni.

Toh batir. Mai bolt 6 in ya cika mita zata nuna wajen 6.3, in ka ga 5 da ɗan wani abu ka yi caji ka sake gwadawa da fitilar birki a kunne, in ya zube nan take ya gama yawo. Sai ka san wane irin mashin gareka. CG ta farko da C70 da Vespa ta da, wutar fulogi daga magneto take zuwa, wato ɗan janaretan da ke gefen injin, ko ba batir suna tashi da kik. Benly irin CD175 kuwa kwayil ɗinta daga batir yake sha, batir ya mutu ko ka kwana kana buga kik ba zata tashi ba.

Daga nan sai at, kuma a nan zan daɗe. Duk inda koriyar waya ta ɗauru a firam ka kwance, ka goge da sampefa har ƙarfe ya yi fari, ka mayar ka ɗaure tam. Masu gyara tsohon mashin su suka fi faɗawa wannan ramin, mutum ya kai firam an fesa masa fenti mai kyau ya dawo ya ɗaura kwayil da fitilu a kan fenti, alhali fenti baya wuce wuta, sai ka ji yana cewa ai kafin fenti komai na yi. Alamar at mara kyau tana da ban dariya, ka taka birki tirafiketa ta kama, ka danna oda fitila ta dushe, wutar ce ta rasa hanyar komawa take bi ta duk inda ta samu. Gwajin mai sauƙi ne, ɗauki doguwar waya daga negatif ɗin batir ka taɓa jikin abin da ya ƙi aiki, in ya kama ka gano ɓarawon. Haka kawunan joni masu shiga juna, ka zare ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi kore-kore ka kankare, wanda ya saki ka ɗan matse da filaya.

In fulogi ne baya ba da wuta, cire shi ka mayar cikin hularsa ka jingina ƙarfensa da kan injin ka buga kik, a inuwa zaka fi gani, kuma ka nisanta shi da ramin fulogin da duk inda fetur ya zuba. Wuta shuɗiya mai ƙara ƙyas-ƙyas ita ake so, ja-ja mai rauni ko babu gaba ɗaya akwai magana. Tazarar bakin fulogi 0.6 zuwa 0.7 na milimita. Warware hular daga wayar kwayil, ka datse kamar santimita ɗaya a bakin wayar don nan tsatsa ke taruwa, ka mayar. Har yanzu shiru? A Honda mai magneto akwai baƙar waya mai farin layi da ke zuwa wajen ki, aikinta ta kai wutar jiki in ka kashe mashin. Zare ta ka buga kik, in wuta ta dawo to ki ɗin ne ya lalace a ciki, kwayil lafiyarsa lau.

Sai kwantak, ta tagar magneto zaka leƙa shi. Mashin da ya daɗe a ajiye bakin kwantak ɗinsa yana yin wani fari-fari da baya barin wuta ta wuce, ka naɗe sampefa ka goga tsakani, sannan ka ja farar takarda mai tsabta har ta daina fitowa da datti, ɗigon mai ɗaya a wurin ya isa ya hana tashi. In ya buɗe iya buɗewa tazarar 0.3 zuwa 0.4 na milimita ce, kuma ya fara buɗewa daidai lokacin da alamar F ta jikin magneto ta zo saitin layin da ke jikin injin. Akwai T kusa da ita, wannan ta saitin bawul ce, kar ka rikita su. In bakin kwantak ya ƙone ya yi ramuka, ko mashin na tashi da sanyi in ya yi zafi ya fara tari yana mutuwa, nan ne zaka zargi kwandansa ko kwayil, a lokacin ka saya.

Fiyus mai yawan ƙonewa kuma ga inda kwan nan zai yi amfani. Cire fiyus ka haɗa wayoyin kwan a gurbinsa, ka kashe duk fitilu ka murɗa ki. In ya haska sosai akwai inda waya ta goge tana taɓa ƙarfe, sai ka riƙa zare joni ɗaya-ɗaya kana juya kan mashin hagu da dama har hasken ya faɗi. Tawa a wuyan mashin na same ta, inda wayoyi ke lanƙwasa kullum, robar ta bushe ta tsage.

Ƙwan fitila mai mutuwa duk sati shi ma tsofaffin masu bolt 6 sun yi suna a kai. Yawancinsu ba su da regileta mai daidaita ƙarfin wuta, ƙwayayen ne ke raba wutar magneto tsakaninsu, batir kuma ya shanye saura, to in na gaba ya mutu kana gudu sai na baya ya bi shi, in batir ya bushe ko an cire shi duk su tafi. Ka sa masu wat ɗin da aka rubuta, ka cika ruwan batir zuwa layi. Sannan ka tada mashin ka ɗora mita a batir ka ɗan ba da wuta, ya kamata ya hau zuwa wajen 7. In bai motsa ba ka duba rektifaya mai juya wutar magneto ta shiga batir, tsohuwar mai faranti-faranti ɗin nan ta seleniyom tana gajiya da shekaru, diyod na silikon da masu gyaran rediyo ke sayarwa yana maye gurbinta, ka dai kula da fuskar da ka juya shi. Ni ta baffa na bar tsohuwar ɗaure a wurinta don kwalliya, diyod ɗin na ɓoye shi bayan murfin gefe.