Karɓar baƙo a Jamus: abin da na so a ce an gaya mini tun farko

'Yan'uwa sababbin zuwa Hamburg, duk wanda na haɗu da shi bayan sallar Juma'a tambayarsa aiki da gida. Ba mai tambayar yadda ake karɓar baƙo a nan, alhali a nan na fi shan wuya.

Na maƙwabta mai sauƙi ne. In Bajamushe ya ce ka zo ƙarfe 3 ranar Lahadi a sha kofi da kek, to ƙarfe 3 ɗin ne, kuma kai ya kira, kada ka kwaso abokai. Riƙe furanni ko cakulan, ka sanar da shi tun da wuri ba ka cin alade, ba ka shan giya. Sannan ka rama. "Ka leƙo wata rana" ba gayyata ba ce a wurinsu. Yanke masa rana da lokaci. Wajen ciyar da baƙo ba wanda ya fi mu, sai dai a rage barkono.

Baƙon gida shi ne maganar. An raine mu a kan baƙonka annabinka, kuma ina alfahari da yadda jama'armu ba sa barin ɗan'uwa ya kwana a tasha. Da wannan zuciyar na sa hannu a takardar ɗaukar nauyi, wadda suke kira Verpflichtungserklärung, don ɗan ƙanwar mahaifiyata ya samu biza. Ban karanta ba. Takardar nan tana ɗaure mutum har shekara 5: ci, masauki, asibiti, har kuɗin mayar da baƙon gida in hukuma ce ta kore shi, duk a wuyanka suke. Bizarsa ta kwana 90 ce. Ya zo da niyyar mako uku, sai ga shi ana neman wata uku bai yi zancen tafiya ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya.

Kafin nan wasiƙar mai gida ta iso. Ashe in baƙo ya wuce kamar mako 6, ana iya ɗaukarsa mazaunin gida, kuma wannan sai da izinin mai gida. Ga maƙwabta sun kai ƙarar hirarmu bayan ƙarfe 10 na dare, lokacin da ake son kowa ya yi shiru. Saura kaɗan in rasa ɗakin da na yi wata takwas ina nema. Ƙarshen shekara kuɗin ruwa da na ɗumama ɗaki suka zo, sai da na ci bashi.

Abin da ke ɓata mini rai, har yanzu ina ganin yaran da ba su shekara a nan ba suna neman sa hannu don inna ta bugo waya daga gida. Ƙanena, kafin ka amsa, tambayi ranar komawa, ka ga tikitin da idonka, ka tabbatar yana da inshorar lafiya. Ɗan'uwan nawa ya koma saura kwana biyu bizarsa ta ƙare, kuma ni na biya kuɗin canja tikitin.