Masu fatsa, ku bar wa ruwa iyayen kifinsa

Duk Asabar za ka ga samari sun fito daga cikin birnin Kano a kan babura, da sanduna da gwangwanin tana, an nufi dam ɗin Tiga ko Bagauda ko Watari. Wata biyu ba za su cika ba sai ka ji ana cewa ruwa ya mutu. Ruwa bai mutu ba. Mai fatsa shi ma macin kifi ne, kamar tarwaɗa da ragon ruwa, kuma kifi yana sauya hali gwargwadon yadda aka matsa masa.

Babban kuskure shi ne kwashe manya, musamman da damina. Daga Yuni zuwa Agusta tarwaɗa tana haurowa cikin ciyawar da ruwa ya shanye don ta saki ƙwai, lokacin ne kuma ta fi sauƙin kamu. Mace mai kilo ɗaya tana iya ɗaukar ƙwai sama da dubu 50. Sai mutum ya fito da ita ciki fal, ya ɗaga ta a yi masa hoto, a sa a Facebook. Haba malam! Kifin baɗi da na bayan baɗi ka zuba a tukunyar farfesu, sannan ka dawo kana zargin masu kalli da taru.

Asarar ba ta tsaya nan ba. Manyan nan su ne ke cinye 'ya'yan karfasa. Ita kuwa karfasa tana haihuwa sau da yawa a shekara, uwar tana riƙe ƙwai da 'ya'ya a baki kusan mako biyu, don haka da yawa suke tsira. Idan ba mai rage su, sai su cunkushe, abinci ya gaza, su tsumbure, su fara haihuwa tun ba su kai tafin hannu ba. Babban ruwa irin Tiga, wanda aka gama dam ɗinsa a 1974, yakan daɗe bai nuna ba. Ƙaramin dam ko kududdufi kuwa nan da nan yake lalacewa.

Ni dai ƙa'idata: matsakaita nake ɗauka, rabin kilo zuwa kilo ɗaya, mai ƙwai kuma ta koma komai girmanta. A jiƙa hannu kafin a taɓa ta, a cire ƙugiya da filaya, kada karfasa ta wuce rabin minti a waje. In an haɗiye ƙugiyar, a yanke zaren daf da baki, kada a fizga.

Kuskure na biyu shi ne nacin gurbi ɗaya. Kifi yana taruwa a gindin itatuwan da ruwa ya ci da mashigar rafi, saboda haka za ka yi ta samu ko da yawansa yana raguwa a ruwan. Masu zari su ke fara kamuwa, waɗanda suka kuɓuce kuma sun gane ƙugiya. Rana ɗaya sai shiru. Ka riƙe gurabe uku ko huɗu, kowanne ya huta mako uku, ka riƙa sauyawa tsakanin tana, shinge da hanjin kaza. Ka kuma riƙa rubuta tsawon abin da ka kama, domin girman kifi yake fara raguwa kafin yawansa.

Ƙugiya 'yar mitsitsiya ƙanana ta fi kashewa, a ƙara mata girma. Kada inuwarka ta faɗa kan ruwa. Da hunturu kifi ba ya ci da sassafe, ka bari hantsi ya dubi ludayi. Kuma kada a ɗebo kifin wani ruwa a bokiti a zuba a wani.

Ruwan da kogin Jakara ke kaiwa dam ɗin Wasai yana ɗauke da dattin gari da na masana'antun Bompai. Ni ba na kai kifin can gida.