Kafin ka ɗauko sabuwar kwamfuta ka kai gida

Kwanakin baya yayata ta kira ni da daddare ta ce, "Ƙanena, kwamfuta muke so mu saya a gida, yara sun ishe ni da maganar aikin makaranta. Wacce ce mai kyau?" Na ce mata, "Yaya, a bar maganar mai kyau tukuna. Ɗauko takarda da biro ki rubuta min duk abin da za a riƙa yi da ita." Da safe ta turo min hoton takardar. Akwai buga aikin makaranta, akwai darasi ta bidiyo, akwai lissafin 'yar sana'arta a Excel, akwai adana hotunan iyali. Can ƙasa autanta ya ƙara da nasa rubutun, manya-manyan haruffa a karkace: wasan ƙwallo.

Duk wanda ya tambaye ni, da takardar nan nake sa shi ya fara. Kwamfutar da za ta ishi mai rubutu da yawo a intanet daban take da ta mai tace bidiyo ko zanen gini, kuma idan ba ka san aikin da za ka ɗora mata ba, mai sayarwa ne zai zaɓa maka abin da yake so ya rabu da shi.

Ni kaina na taɓa faɗawa. Shekaru da dama da suka wuce na sayi laftof saboda abu biyu: 'yar takardar da aka manna kusa da madannai ta ce Core i7, kuma an ce min ma'ajiyarta terabait guda ce. Ban tambayi komai ba bayan haka. Da na kunna ta a gida sai na zauna ina kallon ɗigo-ɗigon nan suna zagaye a kan allo, minti ɗaya, minti biyu, wata 'yar ƙara tana tashi daga cikinta kamar ana kankare tukunya a hankali. In na buɗe shafuka biyar ko shida a intanet sai ta daskare, linzami ya ƙi motsi. Ashe RAM ɗinta gigabait 4 ne kacal, ma'ajiyar kuma tsohon faifai ne mai juyawa. Daga baya na kwance bayanta na cire faifan na sa SSD, wato ma'ajiya ta zamani mai sauri da ba ta juyawa, na ƙara RAM ya zama gigabait 8. Da na sake kunnawa, kafin in gyara zama ta riga ta tashi tana jira na. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Core i7 ɗin nan, bai canza ba. Tun ranar, RAM da ma'ajiya nake fara dubawa kafin komai.

RAM tamkar tabarmar da ka shimfiɗa kake aiki a kai ce, ma'ajiya kuma ita ce rumbun da kaya ke kwana. In tabarmar ƙarama ce, kowane lokaci sai ka mayar da wani abu rumbu kafin ka ɗauko wani, kuma wannan kai-komon shi ne nauyin da kake ji. Microsoft ta ce Windows 11 za ta iya tashi da gigabait 4, amma tashi kawai za ta yi, aiki sai da haƙuri. Gigabait 8 shi ne mafi ƙanƙantar abin da zan yarda a kai gida. In hali ya yi, a ɗauki 16, musamman idan kwamfutar ta mutum uku ko huɗu ce kuma ana so ta yi shekara biyar tana aiki. Sannan ka yi tambayar da mutane da yawa ba sa yi: ana iya ƙara RAM ɗin nan gaba? Yawancin siraran laftof na yanzu an liƙe musu RAM a jikin allon wuta, abin da ka saya da shi za ka zauna har ta tsufa. Wasu kuwa suna da gurbi a ciki da za ka zura ƙari da hannunka cikin minti goma. Ka kwafi cikakkiyar lambar samfurin daga ƙasan kwamfutar ko jikin kwali, ka neme ta a shafin kamfanin da ya ƙera, za ka ga amsar a rubuce.

Ma'ajiya kuwa, in ba SSD ba ce kar ka tsaya. Tsohon faifai mai juyawa na laftof yana zagaye sau 5400 a minti, yana karanta abin da bai wuce megabait 100 da 'yan kai a daƙiƙa ba. SSD mafi sauƙi, irin ta SATA, tana kaiwa wajen 550. Irin ta NVMe, wadda siririya ce kamar ɗan yatsa, tana haura 3000. SSD ba ta da abin da ke motsi a ciki, don haka ko yaro ya bugi tebur tana aiki ba abin da zai same ta. Gigabait 256 zai yi wa mai rubutu kawai, amma gidan da ake tara hotuna da bidiyo 512 ya fi dacewa. Kar ka firgita in ka kunna ka ga 512 ta nuna wajen 476, bambancin yadda kamfani da Windows ke ƙirge ne, ba a cuce ka ba. Abin da za ka guje wa shi ne ƙananan kwamfutocin da aka rubuta wa eMMC, wata ƙaramar ma'ajiya mai araha, masu gigabait 32 ko 64. Suna da kyan gani, ba nauyi, amma Windows da sabuntawarta kaɗai sun kusa cinye wurin. Araha ba ta ado.

Sai firosesa, inda aka fi rikita mutane. Intel na da i3, i5, i7 da i9, AMD na da Ryzen 3, 5, 7 da 9, kuma kowa ya ɗauka babbar lamba ita ce gaba. Hakan gaskiya ne idan zubinsu ɗaya, wato zamanin ƙirarsu ɗaya. In ba zubi ɗaya ba ne, lissafin ya rushe. Core i7-7500U na shekarar 2016 ƙwayoyin aiki biyu gare shi. Core i3-1215U na shekarar 2022 shida gare shi, kuma ya fi wancan sauri nesa ba kusa ba. Don haka ka karanta lambar da ke bayan ɗan layin: 7500U zubi na 7 ne, 8250U na 8, 1135G7 na 11, 1235U na 12. Harafin ƙarshe ma yana magana. U na nufin mai tattalin batir, wanda ya dace da aikin gida, H kuma mai ƙarfi ne da ke shan wuta yana ɗaukar zafi. A ƙarshen 2023 Intel ta fito da sabon suna, Core Ultra, lambobin suka sake farawa, don haka in ka ga wannan sunan ka san na baya-bayan nan ne. Masu suna Celeron da Pentium su ne ƙananan cikin dangin, za su yi rubutu da kallon bidiyo, amma ban so a ɗora musu gida guda.

Maganar zubi ba ta sauri kaɗai ba ce. Microsoft ta daina bai wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a ƙa'ida sai Intel zubi na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama take karɓa, in ban da 'yan ƙalilan. Akwai masu ɗora ta da dabara a kan tsofaffin kwamfutoci, ka kunna ka ga Windows 11 fes ka ɗauka sabuwa ce. Lambar firosesa ce za ta faɗa maka gaskiya.

Ta tebur ko ta tafi-da-gidanka? Wannan ba ya ɗaukar dogon tunani. In ba inda za ta je, ta tebur ta fi: ba ta saurin zafi, gyaranta da sauƙi, in allo ya lalace allon kawai za ka canza. Amma da an ɗauke wuta ta mutu nan take, sai an haɗa mata UPS, na'urar batir da ke riƙe ta na ɗan lokaci. Laftof da batirinta take zuwa, da kyamara, da makirfo, kuma yaro zai iya shiga ɗaki da ita in falo ya cika da hayaniya. Yayata laftof ta ɗauka saboda darasin bidiyo.

Allo shi ne abin da idanunka za su zauna a kai sa'o'i, amma shi aka fi mantawa. Ka nemi wanda aka rubuta wa 1920 x 1080 da kuma IPS, nau'in allon da hotonsa ba ya dushewa in an kalle shi daga gefe. Har yanzu akwai sababbin laftof masu 1366 x 768, rubutu yana fitowa da gefe kamar haƙoran zarto, kuma Excel ba ya nuna layuka da yawa. Gwajin da nake yi ba shi da wuya: in buɗe hoton fuskar mutum, in matsa gefe in kalla, sannan in ɗan kwantar da allon baya. In fuskar ta koma toka-toka ko ta yi duhu, allon TN ne, kuma mutum biyu ba za su ji daɗin kallo tare ba. Inci 14 ya fi daɗin ɗauka, inci 15.6 ya fi daɗin zama, kuma galibi yana zuwa da madannan lambobi a dama, abin da mai lissafi zai gode wa. Ka buga jimla biyu ko uku a kan madannan ka ji a yatsunka. In tsakiyarsu na lotsawa, ko murfin na rawa in ka taɓa, jikin ba shi da ƙwari, kuma maƙalar murfi na cikin wuraren da laftof ke fara karyewa.

Ka ƙirga ramukan da ke gefe kafin ka biya. USB babba aƙalla biyu don linzami da filashi ko firinta, HDMI don haɗawa da talabijin, USB-C guda. Ba kowane USB-C ne ke caji ko fitar da hoto ba, ka tambaya. Batir kuma kar ka saurari "tana kwana ba caji". Ka duba lambar Wh, ma'aunin girman batir: wajen 40 ƙarami ne, 50 zuwa sama ya fi kwanciyar hankali.

MacBook na Apple, tun daga M1 na 2020, suna da sauri da riƙe caji sosai, sai dai ba a ƙara musu RAM, kuma ka tabbata manhajojin da kake buƙata suna hawa. Chromebook ta intanet ce, ta dace da yaron da duk aikinsa a burauza yake. Akwai kuma sababbin laftof na Windows masu firosesan Snapdragon, batirinsu na daɗewa, amma wasu tsofaffin firintoci da wasanni ba sa jituwa da su.

Shi kuwa auta da wasan ƙwallonsa, na zaunar da shi na yi masa bayani da kaina. Manyan wasanni na son katin hoto na daban, irin GeForce RTX na Nvidia ko Radeon na AMD, kuma laftof mai irin wannan katin nauyi gare ta, fankarta na ihu, batirinta ba ya jimawa. Layi ɗaya cikin biyar bai kamata ya ja ragamar sayayyar gida ba. Ƙananan wasanni za su hau ba matsala, ya yarda da haka.

Ranar saye kar ka yi cinikin biri a sama. A kunna maka ita a gabanka, in kuwa ta intanet ka yi oda, ka yi gwajin nan ranar da ta iso tun lokacin mayarwa bai wuce ba. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. A nan za ka ga ainihin sunan firosesa, yawan RAM, da ko ma'ajiyar SSD ce, ka gwada da abin da ke jikin kwali. Buɗe farin shafi ya cika allo, sannan baƙi, ka nemi ɗigon da ya mutu. Ka danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya, ka gwada kyamara da sifika da Wi-Fi. In kana shakkar ko sabuwa ce da gaske, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, rahoton zai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda yake ɗauka yanzu. A sabuwa, lambobin biyu kusan ɗaya suke. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar siriyal, ka tambayi garantin na wata nawa ne kuma wa zai yi gyaran. Word da Excel ma ka tambaya, don sau da yawa na gwaji ne ke ciki, bayan 'yan makonni su nemi a biya. LibreOffice kyauta ce kuma tana buɗe takardun duka biyun.

Yayata ta ƙare da laftof mai inci 15.6, Ryzen 5, SSD gigabait 512, RAM gigabait 8 da gurbin ƙari a ciki. Ranar da ta iso na je na zauna da ita. Muka bar Windows ta gama sabuntawa, muka cire tarkacen manhajojin gwaji da aka cusa, na buɗe wa yara nasu asusun daban wanda ba ya iya ɗora komai sai da kalmar sirrinta. Na ce a riƙa ɗora ta a kan tebur ko faifan katako, ban da katifa da filo, don ta ƙasa take shan iska. Hotunan iyali kuma muka kwafa su a wani faifan waje, ta saka shi a durowarta, muka yi da ita cewa duk ƙarshen wata za ta ɗauko shi ta ƙara sababbin.